Harshe da Hijira a Tarihin Menonawa

Gabatarwa

A cikin watan Maris na 1922 waɗansu jiragen ƙasa suka tashi daga lardin Manitoba na ƙasar Kanada, suka ratsa Amurka daga arewa har kudu, suka sauke kayansu a jihar Chihuahua ta arewacin Meksiko. Abin da ke cikinsu kuwa manoma ne da iyalinsu da dawakinsu da shanunsu da garemaninsu. Kafin shekara biyar mutum wajen dubu shida sun bi wannan hanya. Sun baro gonaki masu albarka waɗanda iyayensu suka share, sun tafi ƙasa mai ƙarancin ruwa wadda ba su san harshenta ba. Dalilin tashinsu shi ne Gwamnati ta ce lalle 'ya'yansu su yi karatu da Ingilishi, su kuwa suka ce sai da Jamusanci.

Waɗannan mutane su ne Menonawa, wata jama'a ta Kirista da a ke kira da sunan malaminsu Menno Simons. Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi tarihinsu a ga yadda aka yi harshe ya sami irin wannan daraja a wurinsu, a kuma duba ko da gaske ne addininsu ba ya tsayuwa sai da shi.

Asalinsu da aƙidarsu

Asalin al'amarin a birnin Zurik ne na ƙasar Suwizalan. A zamanin da Martin Luther ya ke jayayya da Paparoma a Jamus, wani malami mai suna Ulrich Zwingli yana irin wannan aiki a Zurik. Sai waɗansu samari daga cikin almajiransa suka ga bai kai inda ya kamata ba. Suka ce sun duba Sabon Alkawari ba su ga inda aka yi wa jariri baftisma ba, gama baftisma shaida ce ta tuba da ba da gaskiya, jariri kuwa bai san ko ɗaya ba. Majalisar gari ta goyi bayan Zwingli, ta ba da umurni kowa ya kai jaririnsa cikin kwana takwas. Ran 21 ga Janairu 1525 da dare samarin suka taru a gidan su Felix Manz, Conrad Grebel ya yi wa George Blaurock baftisma, shi kuma ya yi wa sauran. Abokan gaba suka sa musu suna Anabaftis, watau masu sake baftisma.

Mai karatu na iya mamakin yadda ɗan ruwan da aka zuba wa baligi a ka ya zama laifin kisa. To, a Turai ta wancan zamani ikilisiya da mulki a haɗe su ke. Duk wanda aka haifa a gari ɗan ikilisiyar garin ne, da baftismar jarirai a ke shigar da shi. Wanda ya ce shiga ikilisiya sai da zaɓin mutum, ya ce ke nan sarki ba shi da iko bisa zuciyar talakansa. Saboda haka ran 5 ga Janairu 1527 aka ɗaure Felix Manz aka nutsar da shi a kogin Limmat. A 1529 kuma majalisar daular Jamus da ta zauna a Speyer ta yanke hukuncin kisa a kan duk mai sake baftisma, 'yan Katolika da mabiyan Luther suka yarda baki ɗaya.

Cikin wannan tsanani ne waɗansu shugabanninsu suka taru a ƙauyen Schleitheim a watan Fabrairu 1527, Michael Sattler ya tsara musu sharuɗɗa bakwai. Baftisma sai ga wanda ya tuba da kansa. Wanda ya yi laifi a yi masa gargaɗi, in ya ƙi a fitar da shi daga jama'a. Jibin Ubangiji na waɗanda aka yi wa baftisma ne kaɗai. A rabu da duniya da ayyukanta. Jama'a ita ke zaɓen makiyayinta. Kirista ba ya ɗaukar takobi, ba ya kuma rantsuwa, sai ya ce i ko a'a. Sattler bai ƙara wata huɗu a duniya ba, aka ƙone shi a Rottenburg.

Ba dukan masu sake baftisma suka bi wannan hanya ba. A 1534 waɗansunsu suka ƙwace birnin Münster da makamai, suka naɗa sarki, suka ce ƙarshen duniya ya zo, har aka ci garin a 1535 aka karkashe su. Wannan fitina ta ɓata sunan sauran duka. A nan ne Menno Simons ya fito. Fada ne na Katolika a ƙauyen Witmarsum na ƙasar Holan, ya bar muƙaminsa a 1536, ya yi shekara ashirin da biyar yana yawo a ɓoye, yana rubutu, yana tattara waɗanda suka warwatse, yana kafa su bisa ƙin zubar da jini. Sarkin daula Charles na Biyar ya sa kuɗi ga wanda ya kama shi, amma ya mutu a kan shimfiɗarsa a 1561.

Labarin da Menonawa suka fi faɗa wa 'ya'yansu shi ne na Dirk Willems. A 1569 ya tsere daga kurkuku a garin Asperen, ya bi ta kan tafki wanda ya daskare. Dogarin da ke binsa ya burma cikin ruwan ƙanƙara. Dirk ya juyo ya tsamo shi, aka kama shi nan take, aka ƙone shi. Irin waɗannan labarai Thieleman van Braght ya tattara a 1660 cikin babban littafi wanda ma'anar sunansa ita ce Madubin Shahidai.

Akwai abu guda da ya kamata a riƙe daga wannan aƙida, domin shi ne mabuɗin abin da zai biyo baya. Jama'ar da ba ta yi wa jarirai baftisma ba ta gadon mabiya. Ɗan da aka haifa a cikinta ba nata ba ne tukuna, sai ya girma ya zaɓa. Kowane zamani sai an sake jawo shi. Icce kuwa tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Don haka duk wanda ya riƙe yaro tsakanin shekara shida da goma sha uku, shi ya riƙe gobensu.

Daga Holanci zuwa Jamusanci

Da tsanani ya yi yawa a Holan, da yawa suka yi gabas zuwa bakin kogin Vistula kusa da birnin Danzig, wanda a ke kira Gdansk yanzu, a ƙarƙashin sarkin Folan. Ƙasar fadama ce mai ambaliya, su kuwa gwanayen gina madatsai ne da zuƙe ruwa da injin iska. Masu ƙasa suka ga amfaninsu, suka ƙyale su da addininsu. Wannan ciniki ne da za a yi ta maimaitawa a tarihinsu: su raya ƙasar da ta gagari kowa, a bar su ba aikin soja, ba rantsuwa.

A nan al'amarin harshe ya soma. A gida da gona suka ɗauki karin Jamusancin da maƙwabtansu ke yi, suka gauraya shi da kalmomin da suka zo da su. Shi ne a ke kira Plautdietsch, watau Jamusancin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Amma a majami'a suka riƙe Holanci wajen shekara ɗari biyu, da shi a ke wa'azi, da shi a ke waƙa, ko da ya ke ba mai yin hira da shi. Sai a rabi na biyu na ƙarni na goma sha takwas Jamusancin littafi, irin na fassarar Luther, ya kori Holanci daga majami'a. Ba a yi wannan canji cikin daɗin rai ba. Dattijon ikilisiyar Danzig, Hans van Steen, wanda ya rasu a 1781, ya tsaya bisa Holanci har ƙarshen ransa. Jamusanci a lokacin harshen sarki ne da birni da mabiyan Luther, watau harshen duniyar nan da aka ce a rabu da ita.

Ƙauyukan Rasha

A 1772 aka raba Folan, yawancin yankinsu ya faɗa hannun Furusiya, ƙasar da ta dogara ga soja. Aka yarda su fanshi samarinsu da kuɗi, tala dubu biyar kowace shekara, a ba makarantar hafsoshi ta Kulm. Amma a 1789 aka ƙuntata musu sayen gonaki, gama kowace gonar da ta shiga hannunsu sarki ya yi hasarar soja. Sarauniyar Rasha, Catherine ta Biyu, tana neman manoma domin ƙasar da ta ci a kudu, inda ya ke Yukren a yau. A 1789 gidaje 228 suka kafa Chortitza a bakin kogin Dnieper, a 1804 kuma aka kafa Molotschna. Sarki Paul ya tabbatar musu da alkawarin a rubuce a 1800.

A Rasha ne zamansu ya ɗauki kamannin da aka san su da shi. Kowane ƙauye layi ɗaya ne, gidaje dama da hagu, makaranta a tsakiya. Dattijo da masu wa'azi manoma ne, jama'a ke zaɓensu, ba su da albashi. Suna da dagatansu, da asusun taimakon wanda gobara ta ci, da ofishin marayu mai tsare gado, inda 'ya mace ke samun daidai da ɗa namiji. Mutanen da suka soma da cewa ikilisiya dabam, mulki dabam, sai ga shi ikilisiya da ƙauye sun zama abu ɗaya a hannunsu. Maƙwabtansu kuwa masu Rashanci ne da harshen Yukren. Nan take Jamusanci, wanda a Furusiya harshen kowa ne, ya zama alamar da ke raba su da waje.

Masanin harsuna Charles Ferguson ya bayyana irin wannan hali a 1959: jama'a ɗaya mai nau'i biyu na harshe, ɗaya na sama domin ibada da rubutu, ɗaya na ƙasa domin gida da kasuwa, kowanne da wurinsa. Haka Menonawan Rasha su ke. Da Plautdietsch a ke raha da faɗa da kiran shanu, ba a rubuta shi. Da Jamusancin littafi a ke addu'a da wa'azi da rubuta wasiƙa. Uwa ke ba da na farko, na biyun kuwa ba inda a ke samunsa sai makaranta. In makaranta ta fita hannunsu, harshen majami'a ya mutu cikin zamani ɗaya.

A 1874 Rasha ta kafa dokar aikin soja a kan kowa, tana kuma shirin shigar da Rashanci makarantu. Wajen mutum 18,000 suka ƙaura zuwa Amurka da Kanada. Waɗanda suka zauna suka yarda samarinsu su yi aikin gandun daji maimakon ɗaukar bindiga.

Rikicin Manitoba

Waɗanda suka fi tsanani, wajen 7,000, suka zaɓi Manitoba saboda wata wasiƙa. A 1873 John Lowe, sakataren ma'aikatar gona ta Kanada, ya rubuta wa wakilansu cewa ba za a sa su aikin soja ba, kuma suna da cikakken iko su koyar da 'ya'yansu ba tare da an tsoma musu baki ba. Abin da ba su sani ba shi ne, sa'ad da aka mai da wasiƙar takardar hukuma an ƙara kalmomi masu cewa bisa ga yadda doka ta tanada, kuma a tsarin mulkin Kanada sha'anin ilmi na lardi ne.

Makarantarsu mai sauƙi ce. Yaro ya soma da littafin baƙaƙe, ya shiga na tambaya da amsa na addini, sa'an nan Sabon Alkawari, sa'an nan Littafi Mai Tsarki duka, da rubutu da ɗan lissafin da manomi ke bukata. Ba labarin ƙasa, ba tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙe. Gwamnatin lardi kuwa tana son ta narka baƙin da suka zo daga ko'ina su zama al'umma ɗaya. A 1907 aka tilasta kafa tutar Ingila a makarantun Gwamnati, Menonawa kuwa tuta a wurinsu kayan yaƙi ce. A 1916, ana tsakiyar yaƙi da Jamus, Manitoba ta soke koyarwa da harshe biyu, ta tilasta zuwa makaranta, lardin Saskatchewan ma ya bi sawu. Aka gina makarantu cikin ƙauyukansu, malamai suka yi ta zama a ɗakunan da ba yaro ko ɗaya. Aka ci iyaye tara, aka ƙwace dabbobin waɗanda suka kasa biya, aka ɗaure waɗansu. Suka kai ƙara da wasiƙar 1873 a hannu, kotun Manitoba ta ce a 1919 wasiƙar ba ta ɗaure lardi.

Sai dattawan ɓangaren da a ke kira Tsohon Mazauni, watau zuriyar Chortitza, suka aika wakilai neman ƙasa. A 1921 shugaban Meksiko, Alvaro Obregon, ya sa hannu a kan takarda mai ba su ikon makarantunsu, da 'yanci daga soja da rantsuwa. A wannan shekara kuma majalisar Faraguwai ta yi doka mai lamba 514 mai irin wannan alkawari. Ƙungiya ta biyu, wajen mutum 1,700, ta tafi dajin Chaco na Faraguwai ta kafa mazaunin Menno a 1927, bayan cuta ta kashe fiye da ɗari suna jiran a auna musu ƙasa.

Hujjar dattawan ita ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yaron da ya iya Ingilishi zai karanta abin da iyayensa ba su karanta ba, ya yi abokai a birni, ya ji labarin jarumawan yaƙi, ran da ya kai munzalin baftisma kuwa zuciyarsa ta riga ta tafi. Ba za a ce sun yi kuskuren lissafi ba. Jikokin waɗanda suka zauna a Kanada yawancinsu sun bar Jamusanci a majami'a tsakanin 1950 da 1970, da yawa sun bar noma, waɗansu sun bar ikilisiya. Na Meksiko kuwa har yau Plautdietsch ne harshen gidansu. Da aka sami sabani a kan sa wa tarakta tayar roba, masu tsanani suka sake tashi zuwa Bolibiya daga 1967, kamar yadda waɗansu suka tafi Beliz a 1958.

Kuɗin da katanga ta ci

Amma fa katanga tana da farashi. A mazaunan da suka fi tsanani Jamusancin littafi ya zama abin haddacewa, yara suna karanta shi da ƙarfi ba su fahimci rabinsa ba, malaminsu ma iyakar karatunsa ke nan. Jama'ar da kakanninta suka mutu domin kowa ya karanta Littafi da kansa ya zaɓa da saninsa, sai ga waɗansu 'ya'yanta suna karɓar baftisma da harshen da bai shiga zuciyarsu ba. Sabon Alkawari bai fito da Plautdietsch ba sai a 1987, Littafin duka kuwa a 2003, dattawa da yawa ba su karɓe shi a majami'a ba. Mata su suka fi cutuwa, gama maza na tsintar Sifananci a kasuwa, su kuwa ba su fita. A 2011 wata kotu a Bolibiya ta ɗaure waɗansu maza na wani mazauni saboda fyaɗen da suka yi shekaru suna yi wa mata da yawa na jama'arsu, matan da ba su da harshen kai kuka waje.

Waɗanda suka zauna a Rasha kuma harshen ya jawo musu wata masifa dabam. Bayan juyin mulkin 1917 aka washe ƙauyukansu, har waɗansu samari suka ɗauki bindiga domin tsaron kai, abin da ya saɓa wa aƙidarsu. Yunwar da ta biyo baya ita ta sa 'yan'uwansu na Amurka suka kafa Kwamitin Tsakiya na Menonawa a 1920, wanda har yanzu ya ke aikin agaji a duniya. Wajen mutum 21,000 suka fita zuwa Kanada tsakanin 1923 da 1930. Sauran Stalin ya ɗauke su Jamusawa, ya rufe majami'unsu, ya kashe dubbai. Da sojan Hitler suka shigo a 1941, da yawa suka karɓe su kamar masu ceto saboda harshe ɗaya, waɗansu suka shiga rundunarsu, har aka sami masu hannu a kisan Yahudawa. Binciken masana tarihi na 'yan shekarun nan, da yawansu Menonawa ne, ya tabbatar da haka. Harshen da aka riƙe domin ya raba su da takobi shi ya kai waɗansu gare shi.

Inda aka bar katangar

Akwai kuma wani reshe na labarin. Menonawan da asalinsu Suwizalan ne da kudancin Jamus sun sauka a Pensilbaniya ta Amurka, yawancinsu suka koma Ingilishi, suka shiga aikin mishan. Ɗaya daga cikin ƙungiyoyinsu ta aiko A. W. Banfield, mutumin Kanada, wanda ya zauna a Shonga ta ƙasar Nufe a 1905, ya tsara ƙamus na Nufanci wanda kashinsa na farko ya fito a 1914, ya kuma fassara Littafi Mai Tsarki da harshen. A Habasha ikilisiyar da a ke kira Meserete Kristos ta tsiro daga aikin Menonawa, ta yi baftismarta ta farko a 1951. Gwamnatin soja ta rufe ta a 1982, ta ɗaure shugabanninta, mabiya suka koma taruwa kaɗan-kaɗan a gidaje. Da mulkin ya faɗi a 1991 suka fito sun ninka sau da yawa. Ita ce yanzu mafi girma cikin ikilisiyoyin Majalisar Menonawa ta Duniya. Daga cikin fiye da mutum miliyan biyu masu baftisma na wannan zuriya ta addini, fiye da sulusi a Afirka su ke, suna ibada da Amharanci da Oromo da Lingala da Swahili da sauransu.

Kammalawa

Abin da tarihin nan ya nuna shi ne aƙidar Menonawa ta sauya harshe sau da yawa ba ta mutu ba. An tsara ta da Jamusancin Suwizalan, Menno ya yaɗa ta da Holanci, ta koma Jamusancin Luther bisa ƙin dattawa, yau kuma mafi yawan masu ita ba su san kalma ɗaya ta Jamusanci ba. Jamusancin da mutanen 1922 suka bar gonakinsu dominsa, shi ne wanda Hans van Steen ya ƙi. Abin da su ke tsarewa a haƙiƙa shi ne hannunsu a kan yaro kafin ya kai ga zaɓi, harshe kuwa shi ne shingen da suka samu a kusa. Shingen ya tsare musu ƙauye da zumunci da karin harshen da ya ɓace a inda aka haife shi. Amma tambayar da samarin Zurik suka tayar a 1525 tana nan a kansu: in an rufe wa yaro kowace ƙofa sai ɗaya, ya bi ta, shin ya zaɓa ne? Menonawa kansu ba su gama amsa ta ba, na Bolibiya da na Kanada da na Habasha kowa da tasa amsar.